Goyon da Ba a Ganin Ƙafarsa

Shekaranjiya na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan matan da aka turo mana kwanan nan, tana gaya wa ƙawarta a waya wai ta samu aikin da ba aiki ba. Sanda ce kawai za ki shafa wa mace, in ta yi ƙara a buɗe jaka, in ba ta yi ba a wuce. Ban tanka ba, layi ya yi tsawo a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Shekarata goma sha ɗaya ina binciken mata a ƙofar tashar nan. Wadda ta koya mini aikin an kore ta daga ƙofar, kuma ni ce sila. Gara ku ji daga bakina.

Lokacin da na fara, gari ba lafiya. Bam yana tashi a kasuwa, a makaranta, a tashar mota, har aka kai inda ake ɗaura wa 'yan mata shi a ƙarƙashin hijabi. Gwamnati ta ce kowace tasha ta zagaye kanta da katanga, ta bar ƙofa ɗaya, duk mai shiga a bincike shi. Na maza ba wuya. Amma a garin da aka ƙaddamar da Shari'a, ba ɗan sandan da zai sa hannu a jikin matar aure a zauna lafiya. Dole aka nemi mata. Ni kuwa na gama makarantar horon malamai, ina zaune a ɗakin baya na gidan da babana yake yi wa ban ruwan fulawa a Nassarawa GRA, ina jiran takardar koyarwa da ba ta zo ba. Daga gidan zuwa tashar nan tafiyar minti goma ce, in ka bi inuwar darbejiya ka ɓullo titin Haɗeja. Na ce bari in riƙe wannan kafin wancan ya fito.

Ranar farko Mama Rifkatu ba ta ba ni sanda ba. Hannuwana ta kama, ta juya su kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Waɗannan faratan na waye?"

"Nawa ne, Mama."

"To yanke su. Zoben ma cire. Jikin mutane za ki taɓa, Saude, ba yawon Sallah kika zo ba."

Mutuniyar Zariya ce, Kirista, gajera mai jiki, gwiwarta ta hagu tana damunta. Ta yi shekara ashirin tana gandiroba a sashen mata na gidan yari kafin ta yi ritaya ta kama haya a Badawa. Firamare kaɗai ta yi. A gidan yari ta koyi inda mace take ɓoye abu in ba ta son a gani, kuma a can ta koyi yadda ake nemo shi ba tare da an ci mutuncinta ba. Na biyun shi ne aikin. Na farkon ko ɓarawo ya iya.

Kayan aikinmu kun gan su. Ɗan ɗakin langa-langa da labule, benci, kwanon da ake zuba waya da makulli, safar hannu da take ƙarewa ba a sake kawowa, sai sandar nan da kuke tunƙaho da ita. Sanda ba ta san bambancin ɗan kunne da ƙusa ba. Tana yi wa maɓallin rigar nono kuka, tana yi wa allurar ɗankwali kuka, in batirinta ya yi sanyi kuwa sai ta yi shiru ko tukunyar ƙarfe ka nuna mata. Mama takan riƙe ta ne don fasinja su ga an riƙe wani abu.

Aiki tun daga bakin titi yake farawa. Ki dubi mace tun tana saukowa daga adaidaita sahu, yadda ta biya kuɗi, yadda ta ɗauki kayanta, ina nauyin jikinta ya karkata. Mai ciki tana jan kafaɗa baya. Mai goyo tana ɗan sunkuyawa gaba. In ta iso ki gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, kina sauraren numfashinta a tsakanin amsoshin. A bayan labule ki faɗa mata inda za ki taɓa kafin ki taɓa. Da bayan hannu ake yi, ba da tafi ba. Tsohuwa ki ce mata Inna, ki nemi gafara tun ba ki fara ba. Da sanyi ki murza hannuwanki su yi ɗumi. Na yi wata uku ina tsaye a bayan Mama kafin ta yarda in shiga labule ni kaɗai.

Wata tsohuwa daga Gama ce ta fara koya mini cewa yawancin abin da ake ɓoyewa ba mu ake ɓoye wa ba. Na ɗora hannu a gefen cikinta, sai na ji abu ya motsa. Na daka tsalle na buge langa-langa. Mama ta leƙo, ta dubi tsohuwar, ta ce, "Inna, nawa ne?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce biyu. Tantabaru ne, za ta kai wa jikarta, ba ta son direba ya gani ya ce kaya ne. Mama ta yi dariya har da riƙe gwiwa, ta gyara mata hijabi, ta ce ta tabbata dai ba su yi mata kashi a zane ba.

Hajiyoyin GRA ba su cika hawa motarmu ba, amma sukan rako baƙi ko 'yan aikinsu. Su ne masu wuya. Wata ta taɓa tsayawa tana kaɗa makullin mota a fuskar Mama.

"Kin san matar wa kike magana da ita?"

"Hajiya, bam bai san mijinki ba. Bismilla, ɗaga hannu."

Ta ɗaga. Daga baya ma in ta zo sai ta kawo wa Mama lemo.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda ta biyo bayan zaɓe. Sabuwar gwamnati, sabon kwamitin kare tashoshi da hanyoyi. Aka kira mu bita ta kwana biyu a wani otal cikin GRA, amma sai mai takardar sakandare. Mama ba ta cikin jerin sunayen. Ni na je. Wani ƙwararre da aka ɗauko daga Abuja ya haska mana hotuna a bango, ya ce barazanar yanzu a gauraye take. Mai bam yana nasa, mai yaɗa jita-jita a waya yana taya shi, da mai sace wayar lantarki da mai kutse a kwamfuta duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ban musa ba, har yau ban musa ba. Daga nan aka raba mana kundi mai sheƙi, da usur sabo kowa ɗaya. A cikin kundin akwai shafi kan mata masu goyo. Ya ce in kin ga goyo a lulluɓe ba a ganin ƙafar yaro, macen ba ta amsa gaisuwa, tana gumi tana ja da baya, to ki busa usur, ki ja da baya taku hamsin, kada kowa ya kusance ta sai jami'an tsaro.

Na karanta wa Mama shafin a kan benci tana ɓare gyaɗa.

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayawa a ƙofa?"

"Ƙwararre ne, Mama."

"To."

Abin da ta ce ke nan. Ni kuwa 'yar makaranta ce, an raine ni a kan cewa abin da aka buga a takarda ya fi abin da aka faɗa da baki. Na haddace shafin kamar karatun jarrabawa.

Ranar Talata ce, da hantsi, ana zafi. Mama ta zagaya bayan ɗakin tana shafa man zafi a gwiwa. Wata mata ta taho da ƙafa daga wajen asibitin da ke kusa da mu. Yarinya ce, ba za ta girme ni ba, da hijabi ruwan toka. Hannunta ɗaya bokiti da fulas a ciki, tabarma a hammata. Goyonta yana can sama, hijabi ya rufe shi ruf. Na duba gefen ƙugunta inda ƙafafun yaro suke leƙowa. Babu.

Na ce, "Sannu Yaya, ina kwana?"

Ba ta amsa ba. Idonta yana kan motar Jigawa da ake lodi.

"Ya ɗan namu? Barci yake?"

Na miƙa hannu wajen goyon. Ta ja da baya. Gumi yana bin haɓarta. Duk abin da shafin ya lissafa ga shi tsaye a gabana, ba wanda ya ɓace. Na busa usur.

Ba ku taɓa ganin tasha ta watse ba, Allah kada Ya nuna muku. Mutane suka yi ta hawa kan juna a ƙofar nan guda ɗaya da gwamnati ta bar mana. Tukunyar mai shayi ta kife a ƙafar wata mata. Wani dattijo ya faɗi aka bi ta kansa, ƙugunsa ya goce. Ni na ja da baya kamar yadda aka ce, har ina ƙirga taku. Kofur ɗin da ke gadin ƙofa ya durƙusa bayan buhunan yashi ya saita bindiga, yana ihu ta kwanta, ta kwanta. 'Yan kamasho da suka tsere suka dawo da duwatsu. Wani yana kiran a kawo taya. Ita kuwa tana tsaye a tsakiyar fili ita kaɗai, ba ta ajiye bokitin ba.

Sai ga Mama ta fito daga bayan ɗaki, zanenta a tattare, gwiwa tana ƙyalli da mai. Ta dubi matar sau ɗaya. Ta nufe ta tana ɗingishi.

Kofur ya ce, "Mama koma! Wallahi zan harba!"

"Harba mana, ɗan nan. Ka haɗa da ni, ka huta da gaishe ni kullum."

Ta isa, ta karɓi bokitin ta ajiye, ta rungume ta ta gaba. Dutse ɗaya ya samu Mama a kafaɗa. Ta san jama'a ba za su yarda da baki ba, sai sun gani. Ta ce wa matar wani abu a kunne, sannan ta ɗage hijabin, ta kwance majanyi a gaban kowa. Yaro ne namiji, bai fi wata takwas ba, an naɗe shi da zane har ƙafa. A bayan hannunsa akwai filastar ƙarin ruwa. Da asuba ya rasu.

Duwatsu suka riƙa faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne matar ta yi magana, kuma iyakar abin da na ji daga bakinta ke nan.

"Ku bar ni in kai shi gida. Babansa bai gan shi ba."

Mama ta shigar da ita labule, ta sake goya mata shi. Shugaban tasha ya ba da ƙaramar motarsa aka tafi da ita. Da fili ya lafa Mama ta zauna a benci, ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bokiti, Saude. Fulas. Tabarma. Wace mai zuwa kashe kanta ce take ɗaukar bokiti? Kayan jinya ne. Ba ki ga gaban hijabinta a jiƙe ba? Nono ne yake zuba, ba mai sha. Ba ki ga hannunta yana komawa baya yana bubbuga shi ba?"

Na ce shafin bai faɗi haka ba.

"Shafin bai taɓa haihuwa ba. Irinta suna zuwa. Tsofaffin direbobi sun sani. In aka faɗa da baki, gawa ce, fasinja za su ƙi, sai an yi shatar mota, ita kuwa ina ta ga halin shata? In ba a faɗa ba, goyo ne. Sai ki shigar da ita labule ki duba a hankali, ki sa a ba ta kujerar baya kusa da taga, ki ce Allah Ya kai ku lafiya. Ku, ba ke ba. Laifina ne da ban gaya miki ba. Na ce sai ranar da muka gani tare."

Kafin azahar labari ya gama gari a waya. An kama mai bam a tashar titin Haɗeja. A'a, su uku ne, biyu sun tsere. A'a, ya tashi, mutane sun mutu. Makarantun Badawa suka sallami yara, iyaye suna gudu a titi ba takalmi. Jita-jitar nan da ƙwararre ya yi ta gargaɗi a kanta, ba wani maƙiyi ne ya ƙago ta ba. Daga usur ɗin da suka ba ni ta fito. Aka rufe tashar kwana huɗu.

A rana ta biyar aka kira mu ofishin kwamiti, ni da Mama. Wani tsohon gidan Turawa ne a cikin GRA, mangwaro ya yi masa rumfa, bai fi layi uku da inda babana yake aiki ba. Ciki sanyi kamar randa. Sakataren kwamiti yana zaune da kundin a gabansa, ya sa alama a shafin. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa.

Ya ce, "Madam, doka ta ce kada a kusanci wadda ake zargi. Kin kusance ta ko ba ki kusance ta ba?"

"Na rungume ta ma, ranka ya daɗe."

"Da bam ne fa?"

"Da bam ne da ban je ba. Ni ma ina da jikoki."

"Ta yaya kika san ba shi ba ne?"

"Ranka ya daɗe, ka taɓa jinyar yaro a asibiti?"

Ya yi murmushi ya ce ba shi ake tambaya ba. Mama ta ce ai shi ya sa.

Na nemi izini na yi magana. Na ce ni na yi kuskure. Na ce alamomin da aka rubuta sun dace da mai bam, sun kuma dace da uwar da ɗanta ya mutu, kuma a ƙofarmu ta biyun ce take zuwa. Na faɗi bokiti, na faɗi nono, na faɗi kujerar baya. Na roƙi a ƙara layi biyu a shafin, a kuma kira Mama da irinta su faɗi abin da suka sani kafin a sake buga shi. Ina magana ina kallon alƙalaminsa. Bai taɓa takarda ba.

Ya ce, "Malama, ke kin bi ƙa'ida. Ba a kira ki don ki tuhumi kanki ba. Tsari ba ya tafiya da na-ga-alama. In kowace ma'aikaciya za ta yi aiki da abin da zuciyarta ta raya mata, me ya sa muka zauna muka rubuta wannan?"

Mama ta ce, "Abin da nake ta tambaya ke nan."

Bayan mako guda takardu biyu suka iso tasha a ambulan iri ɗaya. Tawa ta yabo ce, wai na nuna kula da bin doka. Ta Mama ta sallama ce, saboda saɓa ƙa'idar tsaro da kuma rashin takardar sakandare. Shugaban tasha ya je ya yi roƙo, direbobi suka haɗa kai suka je. Aka ce musu magana ta wuce.

Wannan shi ne abin da har yau nake jin zafinsa. Ba su tambayi sunan matar ba. Ba su tambayi lafiyar dattijon da ƙugunsa ya goce ba. Mutanen da suke rubuta yadda za a tsare tasha ba sa shiga tasha, direba ne yake ɗaukarsu daga inuwa ya kai su inuwa. Sun auna tsayin katanga, sun ƙirga taku hamsin, sun sayo ƙofar ƙarfe mai ƙara da take tsaye can ba wuta tun ranar da aka kafa ta. Mace ɗaya da ta san bambancin uwa da makashiya daga taku ashirin, ita suka ga ta zame wa tasha haɗari. Sau uku ina rubuta musu wasiƙa. Gwamnati ta sake canzawa, an sake wa kundin bango, an ƙara masa hotuna. Shafin yana nan yadda yake. Shi aka raba muku makon jiya.

Mama ba ta zauna a Kano ba. Ta ce ba abin da za ta zauna yi, 'yarta tana Zariya. Ranar tafiyarta motarmu ta zo hawa. Na hango ta tun daga bakin titi tana saukowa daga adaidaita sahu da jaka biyu, ta zo ta shiga layin mata, ta tsaya a bayan wata mai tallar zogale. Na fita na ce ta zo ta wuce.

"In wuce ina? Koma bakin aikinki, mutane suna kallonki."

Na koma. Na binciki mata shida kafin layi ya zo kanta. Ta shiga labule, ta ajiye wayarta a kwano, ta ɗaga hannuwa.

Na ce, "Mama, ki gafarce ni, zan taɓa kafaɗa."

"Bismilla."

Na bi kafaɗa a hankali, wajen da dutse ya same ta bai gama warkewa ba. Na bi hammata, na sauka gefe, na ce na gama.

"Ba ki gama ba. Kin tsallake ƙugu don kina jin kunyata. Sake."

Na sake, tun daga sama har ƙasa.

"Yauwa." Ta ɗauki wayarta, ta gyara ɗankwali. Har ta kama labule sai ta tsaya. "Masu irin wancan goyon, da damina sun fi zuwa, lokacin zazzaɓin yara. Kuma da safe ne. Ki riƙa zuwa da wuri, kada su tarar da wata."

Ta ɗauki jakunkunanta ta nufi motar Zariya tana ɗingishi. Ban raka ta ba, akwai mata a layi. Na ɗage labule na ce ta gaba ta shigo.